Igiyar Rijiya a Tafkin Bado

Bana ruwa ya yi mana irin abin da ya yi a waccan shekarar ta yunwa. Ya sauka da wuri har muka yi ta yi wa juna barka, aka yi shuka, gero ya kai gwiwa, sannan sama ta ɗauke. Kullum da la'asar hadari yakan taso ta gabas, ya yi baƙi ƙirin a kan duwatsun Gure, mata su kwashe shanya a guje, sai iska ta zo ta watsa shi ba ɗigo ko ɗaya. Ganyen geron bayan gidana ya nannaɗe, kuɗin tiyar hatsi a kasuwa kuwa kowace safiya sai ya ƙaru. Na fara ganin matan ƙauye da ƙwaryar anza a ka, 'ya'yan dajin nan masu ɗaci da ba a nema sai da yunwa, abin da na daɗe ban gani ba.

A cikin wannan hali 'yata ta zo hutu. Sunanta Falmata, sunan yayata da ta rasu, amma bakina bai taɓa iya kiran sunan ba, Ƙarama nake ce mata tun tana cikin zanen goyo. Ta yi karatun noma a Yamai, daga nan aka ɗauke ta zuwa Senegal. Ni da na ce ta karanta noma, gero nake nufi da wake. Ashe yarinya ciyawar teku za ta je ta noma, da waɗansu halittu masu ɓawo dangin katantanwa, waɗanda ta rantse mini mutane na ci har suna lashe hannu. Shekara talatin ina koyarwa a lakwal, ina nuna wa yara teku da sanda a jikin taswira, amma ban taɓa ganin ruwan da ya fi tafki ba, kuma ban taɓa jin na yi asarar komai ba.

Kwana biyu da zuwanta muna tsinkar tafasa a gindin dogon-yaro, ta ciro salula ta matso kusa da ni. Ta nuna mini hotuna: dogayen igiyoyi a shimfiɗe cikin ruwa, ciyawa na reto a jikinsu, ga wasu jakunkunan raga cike da katantanwar nan. Ta ce a bakin teku an daɗe ana wannan noma, amma yanzu bakin ya cushe da masunta da jirage da dattin gari, ruwan wurin kuma yana ɗumi fiye da da. Su aikinsu shi ne su gwada ko gonar za ta zauna a can ciki, tafiyar rabin yini a jirgi, inda ba a hango ƙasa. Suna son su ga ko igiyoyin za su jure wa igiyar ruwa da iska, ko ciyawar za ta kama. An zaɓi mutum shida da za su riƙa fita, ita ce mace ɗaya a ciki.

"Mama, gona ce da ba ta jiran hadari," in ji ta, tana nuna geron bayan gida da haɓa. "Baki ya cika, dole a matsa tsakiya."

Na ji hannuna ya tsaya a cikin ganye. Na tambaye ta, in iska ta taso suna can, me zai hana ta faɗawa.

Ta yi dariya. "Kada ki damu. In muna aiki a gefen jirgi, a ɗaure muke da igiya."

Ban san lokacin da na ture faifan ba, tafasa ta watse a rairayi. Na ce ba za ta je ba. Na ce ko a mafarki ban yarda ba, ta je ta gaya wa masu jirgin cewa uwarta ta hana. Ta zuba mini ido kamar ba ta san ni ba. Ƙarama ba mai gardama ba ce, kuma tun da babanta ya rasu ba ta taɓa taka wuri ban sa mata albarka ba. Ta ce shekara huɗu take wannan aiki don wannan fitar, in ta janye za a ba wani wurinta, amma in ban yarda ba ba za ta hau jirgin ba. Ranar Alhamis za ta koma, kafin nan tana jiran bakina. Ta durƙusa ta tsince ganyen ɗaya bayan ɗaya, ni kuwa na shige ɗaki.

Abin da ba ta sani ba, kalmomin da ta faɗa na taɓa jin su, kusan ba canji, daga bakin mai sunanta.

Ina 'yar shekara goma sha biyar a lokacin. Gidanmu yana wani ƙauye a yankin Gidigir, a gefen wani kwari mai goriba da dabino. Ina lakwal a Gure wurin gwaggona, amma da abinci ya yi wuya ta sa ni a mota ta mai da ni gida, ta ce bakin da ke gidanta ma ya fi ƙarfinta. Na tarar da Baba da Inna da Yaya Falmata, wadda mijinta ya tafi ci-rani Nijeriya ya bar ta wurin iyaye. Ta girme ni da shekara huɗu. Doguwa ce, mai surutu, mai tsokana, ba ta kirana da komai sai Madam, wai tun da na iya Faransanci sai in roƙa mana ruwa da shi ko za a fi ji.

Damina ta fara da kyau, ta tsaya a tsakiya. Gero ya fitar da kai ya bushe a tsaye, in ka murza zangarniya sai ƙaiƙayi ya cika maka hannu. Kaka ta zo ba a ji sussuka a gida ko ɗaya ba. Abin da na fi tunawa shi ne shirun safiya. Ƙauyen da asuba ke cika da ƙarar turmi, sai ya zama ba ka jin komai sai kukan awaki, su ma kafin wata biyu aka sayar da su ko suka mutu. Rana kuwa ta kaka ce, mai zafi ba iska, rairayi yana ƙona tafin ƙafa tun hantsi.

Yunwa tana da tsarinta, kuma Inna ta san shi. Da farko aka rage tuwo ya koma sau ɗaya. Sannan tuwo ya koma kunu, kunu ya koma ruwa mai launin kunu. Da dusa ta ƙare muka shiga daji. Da safe mu ɗebo ganyen jiga da tafasar da ta rage, a dafa da kanwa a ci haka nan. Da hantsi mu tafi sharar ƙarangiya, mu dawo zane da ƙafa duk ƙaya, a daka a sheƙe, a sami abin da bai cika tafi biyu ba. Anza kuwa sai an ɓare, an jiƙa kwana da kwanaki ana sauya ruwa kafin ɗacin ya fita, in an yi gaggawa ciki ya murɗe. Inna ce ke rabo da ƙaramin ludayi, kuma kullum takan ce ita ta ɗanɗana a wurin dahuwa ta ƙoshi. Mun yarda da ita har ranar da na ga ta danna ƙafarta da yatsa, ramin ya zauna bai taso ba.

Baba mai haƙar rijiya ne, sana'ar da ya gada. A shekarar ruwan ƙasa ya yi nisa, ana neman sa yasar rijiyoyi har Alakos, amma masu kiran nasa ba su da abin biya sai ɗan nono ko tiyar dawa. Yana da igiya guda ta rama, mai tufka uku, kaurinta ya kusa wuyan hannuna. Ba ya barin kowa ya ɗaure ko akuya da ita. Kuma yana da doka ɗaya da duk wanda ya taɓa riƙe masa igiya ya haddace. A ƙasan rijiya mai zurfi akwai wata muguwar iska da ke juya wa mutum kai. Wanda ta kama yakan yi surutai, ya ce a bar shi, ya ce a sassauta, har ya zagi na sama. Saboda haka Baba yakan ce, da zarar igiya ta girgiza, a ja, kada a saurari abin da na ƙasa yake faɗa, sai ya fito a ba shi haƙuri. Mutum uku na sani a yankinmu da wannan doka ta fitar da su da rai.

A ƙasan kwarinmu akwai tafki da ba ya ƙafewa, don daga ƙasa ruwansa ke tsatsowa. Ciyawar kacalla ta kewaye shi, bado ya rufe fuskarsa. A shekarun ƙoshi yara kaɗai ke kula bado. A wannan shekarar shi ya zama gonar gari. Tun sassafe mata sukan gangara da ƙwarya, mu ɗaure zane a ƙirji mu shiga. Ruwan da sanyi kamar na randa, laka tana haɗiye ƙafa har ƙauri, tana wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Da yatsun ƙafa ake laluben saiwar, in an taɓa ta a nutsa hannu a tumɓuko. Kawunan kuma a tsinko, a shanya kwana biyu, a daka, ƙananan 'ya'yan su fito a yi tuwo da su, baƙi-baƙi mai ƙanshin tabo. Matsattsaku sukan manne mana a cinya, Yaya Falmata ce ke cire mini da toka tana cewa ko su sun san jinin 'yan lakwal ya fi zaƙi.

Ba zan ɓoye ba, akwai daɗi a cikin kwanakin nan. Mata talatin a ruwa, ana Barbarci ana Hausa, ana tsokanar wadda ta zame. Wadda ta samu da yawa takan zuba wa wadda ba ta samu ba, ba tare da an yi magana ba. Saiwar bado in an gasa ta a rushi tana da gardi, kuma a makon farko ƙafar Inna ta fara saɓewa.

Amma mata talatin sun fi ƙarfin bakin tafki. Muka cinye inda ruwa ke gwiwa, muka cinye inda yake ƙugu, muka kai inda yake ƙirji. Daga nan sai tsayawa, don mu mutanen rairayi ne, babu wadda ta iya iyo. Can tsakiya kuwa ga bado nan kore shar, kawuna manya-manya, ba wanda ya taɓa su. Mukan tsaya da ƙwarya rabi muna kallon sa. Kwana uku a jere muka koma gida da abin da bai isa mutum biyu ba, kumburin Inna ya dawo har gwiwa.

Rana ta huɗu da yamma Yaya Falmata ta ce wa Baba, "Baki ya ƙare, sai tsakiya." Ta ce ta taɓa ganin masunta a wajen Gashuwa suna kwanciya a kan babban gora suna tura ruwa da ƙafa, kuma muna da goran da Inna ke ajiyar iri a ciki, wanda yanzu ba komai a cikinsa. Baba ya dubi ƙafar Inna. Sannan ya tashi ya sauko da igiyarsa daga inda take rataye.

"Ban taɓa saukar da mutum wuri mai zurfi ba igiya ba," in ji shi. "Ba zan fara a kan 'yata ba."

Shi da kansa ya koya mini ƙullin, irin na rijiya wanda ba ya zamewa kuma ba ya kwantuwa in ya ɗauki nauyi. Ya sa na ƙulla a ƙugunta sau uku a tsakar gida har ya gamsu. Washegari yana da yasa a wani ƙauye, ya ce zai ari igiyar mutanen can. Kafin ya fita ya dafa kaina ya ce, "Bintu, kin san doka. In ta girgiza, ki ja. Kome ta ce miki, ki ja." Na ce to, Baba. Har alfahari na ji, don bai taɓa ba ni riƙon igiyarsa ba.

Kwana biyu abin ya yi kyau ƙwarai. Takan kwanta a kan goran, ƙwarya na yawo a gabanta, ni ina tsaye a ruwa zuwa ƙugu ina sakar mata igiya kaɗan-kaɗan. Ta cika ƙwarya uku a rana ta farko, har muka kai wa maƙwabta. Mata suka fara maganar neman goruna. Inna ta ci ta ƙoshi a gabanmu, da gaske wannan karon.

Rana ta uku ta yi nisa fiye da kullum. Tana bin kawunan duk inda suka fi girma, ta yi dama, ta kewayo hagu, ta sake kewayawa. Igiyar ta sha ruwa ta yi nauyi, ta nutse, ban ƙara ganin ta ba sai ɗan abin da ke hannuna. Tana waƙa tana tsokanata daga can, wai Madam ta rubuta a allo cewa yau akwai tuwo har da ɗumame. Sai ta miƙa hannu za ta kamo wani kai, goran ya sulluɓe daga ƙarƙashinta ya yi gefe. Igiya ta girgiza a hannuna.

Na ja. Na kafa ƙafa a laka na ja da duk ƙarfin da yunwa ta bar mini. Maimakon ta taho wurina, sai na ga kanta ya yi ƙasa. Na yi ihu, mata suka sheƙo suka kama igiyar a bayana, mu bakwai ko takwas, ana salati ana ja. Ni ce a gaba, ni ce mafi kusa da ita. Sau ɗaya ta ɗago, fuskarta duk ganyen bado, ta dube ni ido cikin ido.

"Bintu, saki!"

Na ji ta sarai, kamar yadda nake jin kiran salla. Na tuna hannun Baba a kaina. Na runtse ido na ƙara ja.

Wani dattijo da ke gyaran dabino a kwarin, Malam Bukar, wanda ya yi zaman Tafkin Chadi da ƙuruciya, shi ya jiyo ihun. Ya zo a guje, ya daka mana tsawa mu saki, ya faɗa ruwa da wuƙarsa a baki. Bai daɗe ba ya taso da ita. A wurin da ya tsaya yana riƙe da ita, ruwan iyakarsa wuyansa, kuma Yaya Falmata ta fi shi tsawo. Igiyar ce, a kewaye-kewayen da ta yi, ta sarƙe da jijiyoyin bado ta shige ƙarƙashin wani kututturen goriba da ya daɗe a nutse. Duk jan da muka yi, ƙasa muke kai ta, wurin kututturen. Da an bar ta, da ta dafa laka da ƙafa ta miƙe tsaye.

Da yamma bayan an kai ta makwancinta, na ji Malam Bukar yana gaya wa Baba a bayan darni, a hankali, cewa ba a ɗaure mutum haka a ruwa mai ciyawa, kuma in ya sarƙe ba a ja. Baba ya ce, "Ni na ce a ja." Har ya bar duniya bai taɓa tambayata ko Yaya Falmata ta yi magana ba. Mutanen gari suka ce mutanen ruwa ne suka karɓe ta, aka bar zancen a haka. Ni kuma na bar su a haka.

Ƙwaryarta iska ta turo ta baki, cike. Wata maƙwabciya ta kawo mana. Inna ta shanya, ta daka, ranar sadakar uku aka yi tuwo da shi, kuma mun ci, har da ni, don babu wani abu a gidan. Igiyar ma ba a yar ba. Baba ya shanya ta, ya gyara bakin da aka yanke, bayan mako biyu ya koma rijiya da ita saboda tiyar dawa. Sai da sanyi ya shigo motoci suka fara kawo jar dawa ta taimako, wadda ta riƙe mu har damina ta gaba. Tun daga ranar sadakar ukun nan ban ƙara sa bado a baki ba, ko a kasuwa na gan shi sai in sauya layi.

Wannan shi ne abin da ke cikina kwana uku, Ƙarama tana shara tana girki tana gaishe ni da ladabi, ba ta ƙara tayar da zancen ba. Ladabin nan ya fi gardama ciwo. Ranar Laraba bayan azahar zafi ya yi zafi, ko ganye ba ya motsi, na same ta tana ninke kaya. Na zauna a bakin gado na gaya mata duka. Ta san mai sunanta a ruwa ta rasu, amma ba ta san da igiya ba. Na gaya mata har kalmar da aka ce mini, wadda sama da shekara arba'in ban faɗa wa mahaluki ba, ko babanta. Na ce ni na ji, kuma ni na ja.

Na zaci za ta ce mini ƙaddara ce, kamar yadda kowa zai ce. Ba ta ce ba. Ta riƙe hannuna ta yi kuka, ni ma na yi, irin wanda ban yi ba ranar jana'izar. Da muka lafa ta share ido ta ɗauko salula, ta nemo hotonta sanye da wata riga ja mai kumburi, wadda ta ce jile ake kiranta, tana hana mutum nutsewa. Ta buɗe hoton da yatsu biyu ta nuna mini ƙirjin rigar. Akwai 'yar wuƙa mai lanƙwasa a maƙale.

"Ranar farko, Mama, kafin a nuna mana ko ganye ɗaya, wani tsohon masunci aka kawo ya koya mana wannan. Ba mai kusantar igiyoyin gona ba wuƙa a ƙirji. Igiyar da ke haɗa ni da jirgi kuma ba ƙulli ba ne, maƙalli ne a nan gabana, da hannu ɗaya nake buɗe shi. Kuma in mutum ya sarƙe, ba a ja. Yakan sa mu maimaita har mu gaji."

Na karɓi salular na daɗe ina kallon wuƙar. Ba ta kai tsawon yatsana ba. Maimakon sanyi, haushi ne ya taso mini, mai zafi. Abin da ya cinye gidanmu, wanda ya sa Baba ya daina dariya, ashe darasin rana ɗaya ne a wurin mutanen da suka san ruwa, kafin ma a ci abincin rana. Mu da muka san rijiya kamar tafin hannunmu, ba wanda ya taɓa gaya mana.

Na tambaye ta, to da wuƙar da rigar, za ta iya rantse mini cewa za ta dawo?

"A'a, Mama," ta ce. "Teku ce. Akwai hatsari, ba zan yi miki ƙarya ba. Kuma mai yiwuwa igiyoyin su tsinke, ciyawar ta ƙi kamawa, mu dawo hannu biyu. Don mu sani za mu je."

Da ta yi mini ƙarya da na fi samun abin kamawa. Na miƙa mata salularta na fita, ban ce e ba, ban ce a'a ba. Na zaga bayan gida na tsaya a cikin geron. Ƙasa ta yi fari, na tona da yatsan ƙafa ban tarar da danshi ba. Wata mata ta wuce ta bakin hanya da ƙwaryar anza, goyonta yana kuka irin kukan da ba shi da ƙarfi, wanda na sani tun ina yarinya. Ban san ko ciyawar Ƙarama za ta taɓa isowa Gure ba, ni dai ban ga alama ba. Na dai san inda mutane ke dosa in baki ya ƙare, ko da wanda ya koya musu ko babu.

Da safiyar Alhamis na raka ta tasha. Ta ce in ta isa za ta je ta gaya wa shugaban aikin ya ba wani wurinta, ta faɗa ba fushi, tana gyara mini ɗankwali. Kar ɗin Damagaram, babbar motar fasinja, ya cika, ana ɗaure bido, wato jarkoki, da buhuna a sama, direba yana ta danna oda. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta miƙe, ta sa ƙafa ɗaya a matakala. Ban san na kama gefen mayafinta ba. Na nannaɗe shi a hannu sau biyu, yadda ake nannaɗe igiya in za a kafa ƙafa, mutanen da ke bayanta suna jira, wani yana cewa Hajiya a yi haƙuri rana na yi.

Ƙarama ta juyo ta dubi hannuna, sannan ta dube ni. Doguwa ce ita ma, sai da ta sunkuyo.

"Mama, saki," ta ce a hankali.

Na ji ta sarai. Yatsuna sun ƙage, sai da na sa ɗaya hannun na buɗe su ɗaya bayan ɗaya.

"Ki hau jirgin," na ce. "Kada ki ba kowa wurinki. Wuƙar nan kuma ko wanka za ki, tana jikinki. Allah ya yi miki albarka, Falmata."

Na baya suka tura ta ciki, aka rufe ƙofa. Na tsaya a rana har kar ɗin ya sha kwana, da shatin mayafin a tafin hannuna.